Ibnu Khaldun: alƙalin da ya gargaɗi sarakuna bisa yawan haraji da shiga kasuwa

Yau filinmu na tarihin magabata ya leƙa arewacin Afirka, domin kawo muku labarin Abdurrahman Ibnu Khaldun, malamin Malikiyya, alƙali kuma marubucin tarihi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a shekara ta 1406. Abin da ya sa muka zaɓo shi, ya yi dogon nazari bisa wata tambaya da duk mai rumfa ya taɓa yi ma kansa ranar da mai tikiti ya tsaya gabansa: shin in an ƙara haraji, baitulmali cika yake yi ko kuwa ramewa? Mutumin ya san abin ciki da waje, domin ya yi ma sarakuna da dama aiki, ya riƙe wazirci, har ya taɓa hawa duwatsu da askarawa don karɓo ma sarki haraji.

Asalinsa da tasowarsa

An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga watan azumi na shekara ta 732 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da 27 ga watan Mayu 1332. Kakanninsa Larabawan Hadaramaut ne na ƙasar Yaman, waɗanda suka daɗe zaune a birnin Ishbiliya na Andalus, wato kudancin Sifen ta yau. Gab da Kiristoci su ci birnin a shekara ta 1248, sai suka tattara nasu ya nasu suka tsallako teku, daga baya suka sauka Tunis.

Gidansu ya san daɗin sarauta, ya kuma san ɗacinta. Kakan babansa, mai suna Abubakar, shi ne ya riƙe ma sarakunan Tunis harkar kuɗi. Da wani ɗan tawaye ya ƙwace mulki, sai ya kama shi, ya gana masa azaba, ya kwashe dukiyarsa, sannan ya kashe shi. Mahaifin Ibnu Khaldun kuwa ya nisanci fada, ya duƙufa ga karatu. A hannunsa da hannun malaman Tunis yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanta hadisi da fiƙihu da nahawu, daga baya wani babban malami mai suna Al-Abili ya koya masa lissafi da mandiƙi.

Yana ɗan shekara 16 zuwa 17 babbar annoba ta 1348 da 1349 ta faɗa ma Tunis, ta ɗauke uwarsa da ubansa da malamansa da yawa. Ya ga garuruwa sun zama kufai, hanyoyin fatake sun mutu, gonaki babu masu noma. Tun daga nan ya fahimci cewa arzikin ƙasa jama'arta ne da aikin hannunsu, in babu mutane masu aiki, sarki ba shi da abin karɓa.

Shekarun fada

Bai kai shekara 21 ba aka ba shi aikin magatakarda a fadar Tunis. Aikin bai gamsar da shi ba. A 1352 ya fita tare da rundunar sarki, aka ci su da yaƙi, shi kuma ya sulale ya yi yamma. A 1354 ya isa birnin Fas na Maroko, sarki Abu Inan ya sa shi cikin malamai da marubutan fadarsa. Ba a jima ba aka zarge shi da ƙulla makirci, aka jefa shi kurkuku a 1357, bai fito ba sai bayan mutuwar sarkin, ya yi kusan shekara 2 a tsare. Wani sarki, Abu Salim, ya ɗaga shi ya ba shi babban muƙami, amma shi ma aka kashe shi a 1361.

Daga nan ya tsallaka Garnaɗa ta Andalus. Sarkinta Muhammadu na biyar ya aike shi jakadanci a 1364 wurin sarkin Kiristoci mai suna Fedro, a Ishbiliya, garin kakanninsa. Fedro ya yi masa tayin ya zauna wurinsa a mayar masa da dukiyar gidansu, ya yi godiya ya ƙi. A 1365 ya koma Bijaya, wani birni na bakin teku a Aljeriya ta yau, inda ya zama waziri, ragamar mulki duk tana hannunsa. A lokacin ne ya shiga duwatsu da askarawa yana karɓo haraji daga ƙabilun da suka daɗe ba su biya ba. Shekara guda kawai aka yi, sai wani ɗan uwan sarkin ya kashe shi ya hau gadon.

Haka ya yi ta yawo tsakanin Biskira da Tilimsan da Fas, yau yana fada, gobe yana gudu. Abokinsa Ibnul Khaɗib, wazirin Garnaɗa, an shaƙe shi a kurkukun Fas. Duk inda ya je abu guda yake gani: sarki na neman kuɗin biyan askarawa da na hidimar fada, talakawa na biya, sarautar kuma ba ta daɗewa.

A 1375, yana da shekara 43, ya gaji. Wata ƙabila ta Larabawa, Aulad Arif, ta ba shi mafaka a wata ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibnu Salama, kusa da garin Farenda na Aljeriya. Ya yi kusan shekara 4 a can. A 1377, cikin wata 5, ya rubuta Muƙaddima, wato gabatarwar babban littafinsa na tarihi mai suna Kitabul Ibar. A cikinta ne ya baje abin da idonsa ya gane masa.

Yadda haraji ke cin kansa

Ga yadda ya bayyana lamarin. Masu kafa daula mutane ne masu juriya da haɗin kai, abin da ya kira asabiyya, kamar dai tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Bukatunsu kaɗan ne, saboda haka ba sa karɓar komai sai abin da shari'a ta aza, irin su zakka da harajin ƙasar noma da jiziya, waɗanda kowane ke da iyakarsa. Manomi da ɗan kasuwa sun ga abin da suka samu yana zama hannunsu, sai su ƙara himma, gonaki su yawaita, kasuwa ta cika. Kowa kaɗan yake biya, amma da yake masu biyan suna da yawa, in an tara sai ya zama babbar dukiya.

To amma ɗiya da jikoki sukan taso cikin daɗi. Sai a shiga gine-gine, da tufafin alfarma, da yawan barori da fadawa, albashin askarawa ya ƙaru. Abin da ake karɓa ba ya isa, sai a ƙara bisa tsohon haraji, a kuma ƙago sababbi: kuɗin ƙofar gari, kuɗin kasuwa, kuɗi bisa duk abin da aka saya ko aka sayar. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, har jama'a su manta wanda ya fara. Ranar da ɗan kasuwa ya auna ribarsa da abin da ake karɓe masa ya ga wahalar banza yake yi, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya rage harka ko ya bari, ko ya ƙaura wata ƙasa. Kuɗin shiga su ragu. Magabata su ga giɓi, su sake ƙara ma waɗanda suka rage, giɓin ya ƙara faɗi. Haka za a yi ta yi har ƙasa ta zama kufai. Maganin da ya bayar shi ne a sauƙaƙa abin da ake aza ma masu aiki gwargwadon iko, domin su ji cewa guminsu zai amfane su.

Bari mu kawo misali namu na kasuwa. A ce akwai rumfa 100, kowace na biyan dala 20 a rana, an tara jikka 10 ke nan. Sai aka ce kuɗi ba su isa ba, aka mayar da tikiti dala 60. Mata 70 suka ga ba za su iya ba, suka koma saye da sayarwa cikin gida ko talla a lungu. Rumfa 30 da suka rage suka biya jikka 9. An ninka tikiti sau 3, abin da ya shiga asusu ya ragu, kasuwa kuma ta yi fayau. Saniyar da aka tatsa har maraƙinta ya rasa abin sha, baɗi ba za a samu nono ba.

Ya kuma lura da wani abu da iyayenmu mata suka sani sarai: ɗan kasuwa ba daga aljihunsa yake biyan kuɗin fito ba, bisa farashin kaya yake aza su. Shi ya sa kaya suka fi tsada a manyan birane, kuma mai cefane ce ke ɗaukar nauyin daga ƙarshe.

In sarki ya zama ɗan kasuwa

Abu na biyu da ya ja kunne a kai shi ne shigar sarki cikin fatauci da noma. Wani lokaci fadawa kan ba sarki shawara cewa tunda ƴan kasuwa na samun riba, shi ma ya zuba jari. Ibnu Khaldun ya ga wannan babban kuskure ne. Jarin sarki ya fi na kowa, ba mai iya gasa da shi. Yana iya sayen kaya da arha don ba mai ƙarfin halin yin ciniki da shi, sannan ya tilasta ma ƴan kasuwa su saye daga gare shi da tsada. Kuɗinsu ya maƙale cikin kayan da ba sa tafiya, bukata ta sa su karyar da asara, jari ya narke. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda jarinsa ya ƙare kuwa ya fita kasuwa. Sarkin kansa ya yi asara, domin ɗan ribar da ya ci ba ta kai harajin da zai samu daga waɗanda ya karya ba.

Zalunci a wurinsa ya wuce ƙwace da rana tsaka. Aza ma mutane kuɗin da ba bisa ƙa'ida ba, sa su aikin tilas ba lada, hana mai haƙƙi haƙƙinsa, duk ya lissafa su cikin zalunci, kuma ya ce ƙarshensu guda ne: mutane su daina neman abin da suka san za a karɓe.

Don ya fito da wannan fili, ya kawo wani tsohon labari na wani sarkin Farisa mai suna Bahram. Wata rana sarkin ya ji kukan mujiya, ya tambayi babban malaminsa ma'anarsa. Malamin ya ce namijin mujiya ne ke neman aure, macen ta ce sadakinta kufan ƙauyuka 20, shi kuma ya ce in dai wannan sarki ya daɗe bisa gado, ko 1000 take so za ta samu. Sarki ya gane da shi ake. Da ya bincika, sai ya tarar an karɓe gonaki daga manoma an raba ma fadawa, su ba su noma ba, ba su kuma biya ba, nauyi duk ya koma bisa ƴan manoman da suka rage, su ma suka watse. Ya mayar ma kowa gonarsa, ƙasa ta farfaɗo, baitulmali ya cika.

Kada a ɗauka malamin cewa ya yi a zauna ba hukuma. A ganinsa mutane ba sa zama lafiya sai da mai tsawata musu, kuma hukuma ita ce babbar mai saye a kasuwa: in ta danne kuɗi ta ƙi biyan ma'aikata, ciniki zai tsaya, haraji ya ragu. Mu ƴan kasuwa ma bai ƙyale mu ba. Ya soki ɓoye hatsi don jiran tsada, da algus, da tauye mudu, da cin bashi a musanta.

Abin da ya rubuta bisa yankinmu

Ibnu Khaldun bai taɓa tsallako Sahara ba, amma ya yi ta tambayar fatake da malamai. A Biskira, a 1353, ya gamu da jakadan sarkin Takedda, garin da masana tarihi da dama ke sanya kufansa a Azelik cikin jihar Agadas. Jakadan ya gaya masa cewa a shekarar wani ayari mai raƙuma 12,000 ya ratsa garinsu daga gabas zuwa Mali. Ya kuma rubuta cewa fataken da ke jure ƙishirwa da hatsarin hanya su shigo ƙasashen baƙar fata suna cikin mafi arzikin ƴan kasuwa.

Yawancin abin da aka sani bisa jerin sarakunan Mali daga littafinsa aka samo shi. Cikinsu akwai Mari Jata na biyu, wanda kyautarsa ta raƙumin dawa ta isa Fas lokacin Abu Salim, jama'a suka fito kallo. Wannan sarki ya yi almubazzaranci har ya kusa rusa daular, ya sayar ma fataken Masar wani ƙaton dunƙulen zinariya na gado da arha. Sai dai akwai maganganun da malamin ya yi bisa halin baƙar fata, waɗanda ya gada daga littattafan da suka gabace shi. Waɗannan kam ba mu karɓe su ba, labarin daular Mali da shi kansa ya rubuta ya isa ya ƙaryata su.

Zaman Masar

Ya koma Tunis a 1378, amma hassadar wasu malamai da fadawa ta hana shi sakat. A 1382 ya nemi izinin tafiya hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariya, daga nan Alƙahira. Ya karantar a masallacin Azhar, ɗalibai suka yi masa caa. A 1384 sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya. Ya tarar da shaidun zur da cin hanci da wasa da dukiyar waƙafi sun yi katutu, ya sa ƙafar wando guda da masu yi, ya ƙi karɓar roƙon manya. Nan take ya tara maƙiya. A shekarar ce kuma jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariya, matarsa da ɗiyansa mata suka rasu. Bai cika shekara bisa kujerar ba aka sauke shi. Ya sauke farali a 1387.

Yana dattijo, a ƙarshen 1400, ya raka sarki Faraj zuwa Dimashƙa domin tarar Taimur Gurgu, mayaƙin da ya taso daga Samarƙandi yana cin ƙasashe. Sarkin ya juya Masar ya bar birnin a kewaye. A watan Janairu 1401 aka sauko da Ibnu Khaldun daga bisa ganuwa da igiya, ya je sansanin Taimur, ya yi fiye da wata guda suna ganawa. Da idonsa ya ga an tatse mutanen Dimashƙa, sannan aka washe birnin aka sa masa wuta, aka kwashe masu sana'a zuwa Samarƙandi. A hanyar komawa ƴan fashi suka tare shi suka yi masa tsinke.

Sau 6 ana naɗa shi alƙali, sau 5 ana sauke shi. Ya rasu bisa kujerar ranar 26 ga watan azumi 808, wato 17 ga watan Maris 1406, yana da shekara 76 bisa lissafin Hijira. An rufe shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasri.

Bayan rasuwarsa

An buga Kitabul Ibar cikin mujalladi 7 a Masar a ƙarni na 19, aka kuma fassara Muƙaddima da Faransanci da Ingilishi. Masanin tattalin arzikin Amurka, Arthur Laffer, wanda ya yi suna da ra'ayin cewa haraji in ya wuce iyaka kuɗin shiga raguwa suke, ya yarda Ibnu Khaldun ya riga shi. A 1981 shugaba Ronald Reagan ya ambaci sunansa gaban ƴan jarida yana kare shirinsa na rage haraji. Sai dai bashin gwamnatin Amurka ya kusa ninka sau 3 a zamanin mulkinsa, domin an rage haraji ba a rage kashe kuɗi ba. Malamin Tunis kuwa daga yawan hidimar fada ya ce cutar ke farawa.

Mu ma nan gida abin ba baƙo ba ne. Dattawan Maraɗi da Damagaram na tune da SONARA da COPRO-NIGER, kamfanonin gwamnati da aka kafa a 1962, ɗaya ya riƙe fitar da gujiya waje, ɗaya shigo da wasu kayan masarufi, kuma dukansu sun daɗe da mutuwa. Ba mu manta da 2005 ba, lokacin da aka aza harajin TVA na kashi 19 cikin 100 bisa madara da garin alkama da sukari da ruwa da wuta, kasuwanni suka rufe a Yamai da sauran birane, har gwamnati ta janye wani sashe a watan Afrilu.

Lanho da fatanti da kuɗin duwan, ba mai hankalin da zai ce a daina biyansu ɗungum, domin hanya da asibiti da makaranta da tsaro ba sa samuwa a banza. Abin da tarihin wannan malami ke tuna ma magabata shi ne su fara rage nasu nauyi kafin su ƙara ma mai tallan ƙosai, su sa kuɗin da kowa zai iya biya, a san adadinsa, a ba da takardar shaida, su kuma bar ciniki ga masu ciniki. Mu kuma mu cika mudu, mu biya abin da ya wajaba, sannan mu tambayi inda ya tafi.

Allah ya jiƙan Abdurrahman Ibnu Khaldun, ya ba mu shugabanni masu adalci, ya sa albarka cikin kasuwanninmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.